Yadi Huɗun da Alhaji Modu Ya Rage

Tun da kuka fara zama a bencin ƙofar shagona, kusan kowannenku ya tambaye ni abin da ya sa na rataye tsohuwar wayar wutar nan a saman ƙofa, ba na amfani da ita, ba na kuma sayarwa. Jiya ma ɗayanku, mai baƙin tabarau, cewa ya yi in ba shi ya kai wa masu sayen jan ƙarfe. To, yau zan ba ku labarinta, amma sai kun yi haƙuri, don na lura duk maganar da ta wuce minti uku ba ta zama a kanku. Kun saba da bidiyon salula, inda wani mai farar riga yake haɗa inbata biyu a ɗaki mai sanyi, ya danna maɓalli, ya yi murmushi, shi ke nan. Sai ku fito kuna cika baki, wai aikin sola ba komai ba ne, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi. Da kunnena na ji wani ya faɗi haka a kan bencin nan, ko kunya babu.

Sunana Bukar. A unguwar Bulabulin in ba ka ce Ba Bukar mai inbata ba, wato Baba Bukar a bakin mutanen nan, sai an nuna maka Bukar goma kafin a zo kaina. A hannun Oga Ike na koyi aikin nan, wani Ibo da ya zo Maiduguri tun yana saurayi ya buɗe shagon naɗa taransifoma a bayan kasuwa. Kanuri a bakinsa ya fi na wasu 'yan gari daɗi. Wata shida na yi a wurinsa bai bar ni na taɓa abin da ke da wuta ba. Ƙonanniyar taransifoma zai dire mini, in warware wayar, in ƙirga zagaye nawa aka naɗa. In na ce ɗari da arba'in, ko ɗago kai ba ya yi, sai ya ce, "Bukar, sake." Wani lokaci daidai na faɗa, amma sai na sake ɗin. Ku kuwa sati biyu kuke yi a aji, a ba ku takarda da riga mai ƙyalli, ku dawo unguwa ana kiran ku injiniya, kuna amsawa.

Aikin da ya fara buɗe mini ido na wani mai shagon ɗaukar hoto ne. Inbata ɗaya ba ta isar sa, sai ya sayo ta biyu, ya samu wani gwani ya haɗa masa bakinsu wuri ɗaya don su ɗauki kayan tare. Ya zo yana kukan batura ba sa kwana, inbatocin kuma zafi kamar a soya ƙwai a kansu. Muka je. Oga Ike ya sa aka kashe komai na shagon, fitila da fanka da na'urar hoto, aka bar inbatocin biyu kaɗai a kunne. Ya ciro mitarsa mai baki, wadda ake buɗewa a kama waya ta faɗa maka yawan wutar da ke wucewa ba tare da ka yanke komai ba. Ya miƙo mini ya ce in kama wayar da ta fito daga ta farko. Na kama. Mita ta nuna amfiya shida.

Ya ce, "Bukar, wa ke shan wutar nan?"

Na duba shagon, ko ƙwan fitila ɗaya babu a kunne. Na ce, "Ba kowa, Oga."

"To ina take zuwa?"

Ya ƙyale ni a tsaye riƙe da mita har mai hoto ya fara jin tausayina, sannan ya yi bayani. Babu inbata biyu a duniya da ke fitar da wuta daidai da daidai. Dole ɗaya ta ɗan ɗara ɗaya ƙarfi, ko ta riga ta motsi da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. In ka haɗa tankin ruwa biyu da bututu, ɗaya ya fi ɗaya cika, ai ba sai an buɗe famfo ba, ruwan zai riƙa gangarawa daga wannan zuwa wancan. Haka wutar take yi. Ta fita daga wannan inbata ta shiga waccan, ta dawo, ba ta haska fitilar kowa, ba ta juya fankar kowa, sai dai ta shanye batir ta dafa injin daga ciki. Oga Ike yana kiran ta wuta mai yawo, ni ma da sunan na san ta.

Kwana uku muka yi a shagon hoton nan kafin mita ta sauko kusa da sifili. Ya fara da 'yar siririyar wayar da ke haɗa ƙwaƙwalwar inbatocin, wadda ke sa ɗaya ta ja gaba ɗayar ta bi, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya. Gwanin da ya yi aikin farko ko fito da ita daga leda bai yi ba. Sannan ya daidaita ƙarfin da kowace ke fitarwa, yana murɗa ɗan sukuru kaɗan-kaɗan yana duba mita. Ya cire wayoyin duka ya yanko sababbi, kauri ɗaya, tsawo ɗaya, daga batir zuwa inbata, daga inbata zuwa akwatin da suke haɗuwa, ko da ɗaya tana manne da akwatin ɗayar tana can ƙarshen bango. Ya ce wuta 'yar son sauƙi ce, gajeriyar hanya take bi, mai gajeriyar waya ita za ta ɗauki kayan gidan duka ta bar 'yar'uwarta tana hutu. A ƙarshe ya sa ni na ɗauko ƙarfen tsohuwar taransifoma guda biyu, na naɗa wayar kowace inbata a kan ɗaya, zagaye iri ɗaya. Wannan naɗin shi ke taka wa wuta mai yawo birki. Sai a ranar na gane abin da ya sa na shafe wata shida ina ƙirga zagaye.

Shekarar da rikicin garin nan ya tsananta, aka hana hawa babur, aka riƙa rufe gari da wuri, Oga Ike ya kwashe iyalinsa ya tafi. Ban ga laifinsa ba. Shagunan layinmu an ƙona uku, maƙwabcinsa mai sayar da ƙwan fitila ya fita da safe bai dawo ba. A tasha ya ciro mitar nan daga jakarsa ya danƙa mini, ya ce, "Bukar, ajiya na ba ka, ba kyauta ba. In na dawo zan duba ko ka iya riƙe ta." Bai dawo ba, mitar kuwa ga ta can a kan tebur, sau biyu na canza mata wayoyi. A shekarun nan na koyi ɗaukar batir a keke mai ƙafa uku, da buɗe jaka a kowane shinge ina yi wa soja bayanin cewa naɗaɗɗiyar waya a kan ƙarfe kayan aiki ce. Wani ya taɓa sa ni tsallen kwaɗo saboda kwayil ɗaya.

Amma ni muguwar shekarata ba waccan ba ce. Muguwar ita ce wadda aka kayar da manyan turakun wuta a kan hanya, garin nan ya yi wata da watanni babu wutar gwamnati. Za ku ce ai kasuwarmu ce ta buɗe. Ta buɗe kam, har ta yi yawa. Mai faci ya zama injiniya, mai cajin salula ya zama injiniya, wani da na sani yana sayar da kankana, na gan shi a saman kwano yana ɗaura farantin sola yana fuskantar arewa. Masu gida kuma ba su da dama. Mutum zai sayi batir ɗaya ya ce a kunna masa firji da na'urar sanyaya ɗaki da dutsen guga, in ka ce ba zai yiwu ba ya ce wane ya ce zai yiwu. Sai in ce masa to ya je wurin wanen. Bakina ya yi kaifi a shekarar nan, kuma na riƙa jin daɗin kaifinsa. Ku riƙe wannan, don zai dawo.

Ana cikin haka aka kira ni unguwar Ajilari, gidan Alhaji Modu mai yadi. Dattijo ne da ya tsufa a kasuwa yana auna shadda da atamfa, mutumin da ko zaren da ya faɗi ƙasa sai ya tsince shi. Amma ba marowaci ba ne, kada ku ɗauka haka. Bayan gidansa akwai fili da ɗakunan da bai gama ba, ya buɗe wa mutanen da suka gudo daga ƙauyuka, har suka cika wurin suka malala kangayen maƙwabta. Yana da rijiyar burtsatse, ya jawo famfo uku waje, duk mutanen nan da rabin layin a nan suke sha, kyauta. Janaretansa ya mutu, dizal ya gagara. Yana da inbata ɗaya a gida, amma da an kunna injin jan ruwa sai ta yi ƙara ta ɗauke. Ya sayo ta biyu irinta sak, ya ƙaro faranti da batura, ya ce in haɗa su su tayar da injin tare. Ruwan shan mutanen nan duka a kan inbata biyun nan ya rataya.

Mai kula da layin jarkoki wata tsohuwa ce, Ya Falmata, wadda ta gudo da ƙafa daga ƙauyensu da jikarta Yagana a goye. Yarinyar ba ta wuce shekara uku ba, iyayenta kuwa ba a tambaya. Ya Falmata ba ta da tsawo, amma in ta ɗaga sandarta babu ƙaton da ke tsallake layi. Kwana huɗun da na yi ina aikin, kullum sai ta leƙo ɗakin batura ta gaishe ni da Kanuri ta ce, "Wushe, Malam Bukar. Yau ruwa zai zo?" In ce mata gobe. Ta ce, "Goben nan naka dogo ne."

Ɗakin baturan siriri ne kamar lungu. Inbata ɗaya ta zauna daf da akwatin haɗi, ɗayar sai can ƙarshen bango. Na yanka wayoyinsu tsawo ɗaya kamar yadda aka koya mini. Ta kusa sai ta bar rara mai yawa, na naɗa abin da ya kamata a kan ƙarfenta, sauran na bi da shi jikin bango ya je ya dawo, na kafe shi da kilif tsaf. Ina cikin kafewa Alhaji ya shigo. Ya tsaya yana kallon wayar. Ya sa hannu ya auna ta kamar yadda suke yi a kasuwa, daga kan hanci zuwa ƙarshen yatsa.

Ya ce, "Malam Bukar, wannan ragowar fa?"

Na ce, "Ba ragowa ba ce, Alhaji."

"Ga inji, ga akwati, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba. Ka kai waya yawon bango ta dawo, ka kuma nannaɗe wata a ƙarfe kamar zare a kwarkwaro. Ni shekara talatin ina yanka yadi, ban taɓa yanka wa gajere riga da awon dogo ba. Ka fahimtar da ni."

Da ladabi ya yi tambayar, kuma tambaya ce mai kyau. Amma ranar tun safe na yi faɗa da mutum biyu masu batir ɗaya, zafi ya dame ni, kuma na saba da mayar da magana. Ko juyowa ban yi ba na ce, "Alhaji, ranar da na zo sayen shadda ka koya mini awo. Nan kuwa ka bar ni da abin da na sani." Mutanen da ke bakin ƙofa suka yi dariya, ni ma na ji daɗin maganata. Alhaji ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya fita.

Washegari da hantsi na ɗaga bireka, injin ya tashi lafiya lau, ruwa ya cika tanki ya sauko famfo. Na kama wayoyin da mita ni kaɗai a ɗaki, kowace inbata tana ɗauke da rabin kaya, wuta mai yawo ba ta kai a yi maganarta ba. Aiki ne mai kyau, har yau ina faɗa. Ya Falmata ta ciko kofi ta ba Yagana ta kawo mini, yarinyar ta zubar da rabi a hanya. Na shanye sauran, na haɗa kayana na tafi.

Wata biyu ruwa yana zuwa kullum. Abin da ya faru bayan nan daga baya aka ba ni labari. A ɗakin da mata da yara suke kwana babu fitila, kunama ta harbi wata mai shayarwa. Alhaji ya ce sai an kai musu wuta. Ya aika kasuwa, waya ta yi wuya saboda hanya ta yi kwanaki a rufe. Sai ya tuna da ragowar da ke kwance jikin bango ba ta aikin komai. Ni kuwa na riga na nuna masa cewa ba a tambaya ta, don haka ya kira Abba, ɗan maƙwabcinsa, wanda ya yi sati biyun nan naku ya samo riga mai ƙyalli. Abba ya duba ya ce lallai ɓarna ce, shi a duk bidiyon da ya kalla bai taɓa ganin ƙarfen taransifoma a bayan inbata ba. Ya cire kilif, ya warware naɗin, ya yanke, ya ɗaura inbatar kusa kai tsaye a akwati da 'yar guntuwar waya, gwanin sha'awa. Suka samu yadi huɗu. Wayar da ke iya ɗaukar injin jan ruwa aka kai ta tana kunna ƙwan fitila ɗaya. Suka ɗaga bireka, injin ya tashi, ruwa ya zo. Abba ya ɗauki hoto ya sa a salula.

Abin da ke ruɗar irinku ke nan. Wuta mai yawo ba ta yin ƙara, ba ta tartsatsi, ranar farko komai lafiya. Inbatar kusa ta riƙa ɗaukar yawancin kayan, ga kuma abin da suke tura wa juna ita da 'yar'uwarta ba birki. Fankarta ta riƙa gudu ba hutu, aka ce zafin gari ne. Rana ta shida da azahar, ana tayar da inji, aka ji fas, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin.

Da na iso, layin jarkoki ya kai ƙarshen titi ya karya kwana. Ina shiga ɗakin idona ya sauka a bango, ga ramukan kilif a jere babu waya, ga ƙarfen taransifomata a ƙasa an tokare ƙofa da shi. Abba yana tsaye da rigarsa, ya fara cewa, "Ba Bukar, ai ni a bidiyo..." Abin da na faɗa masa ba zan maimaita ba, akwai yara a nan. Na buɗe inbatar kusa, allon cikinta ya ƙone ƙurmus, har jan ƙarfen jikinsa ya narke. Ta nesa ta tsira, amma ita kaɗai ba ta iya tayar da injin, dama abin da ya sa aka sayo ta biyu ke nan. Na zagaye shagunan garin nan kaf, babu allon irinta. Sai dai daga Kano, hanya kuwa yau a buɗe gobe a rufe. Na gwada aron janareta, wanda na samu bai kai ƙarfin ba. Na gwada farfaɗo da ƙonannen allon da kayan wasu matattun inbatoci, ya tashi na minti ɗaya ya sake ƙonewa a hannuna.

Kwana tara aka yi babu ruwa. 'Yan layin masu ɗan hali suka koma saye a wurin 'yan garuwa. Mutanen bayan gida ba su da abin saye, Alhaji ya riƙa sayo musu ruwa kura biyu uku kullum, amma ina za ta kai? Lokacin an yi ruwan farko sau biyu ya ɗauke, ramukan da masu bulo ke haƙar ƙasa a bayan unguwa sun tara ruwa. Nan mata suka koma ɗiba, suna tacewa da ɗankwali. A rana ta shida amai da gudawa ya shiga ɗakunan. Aka kwashi yara biyar zuwa asibiti, huɗu suka dawo. Yagana ce ba ta dawo ba.

Ranar da allon ya iso na je da sabuwar waya. Na gyara inbatar, na ɗauko ƙarfena daga bakin ƙofa na karkaɗe shi. Kafin in haɗa, na aika a kira Alhaji da Abba. Ya Falmata ma ta zo da kanta, riƙe da jarka, ta tsaya a bakin ƙofa. Na bar guntuwar wayar Abba yadda take, na kashe injin da komai na gidan, na kunna inbatocin biyu kaɗai. Na danƙa wa Alhaji mita a hannu, na nuna masa inda zai kama.

Na ce, "Alhaji, me ta nuna?"

Ya matso da ita kusa da ido ya ce, "Tara."

"Akwai abin da ke kunne a gidan nan?"

"Babu."

Na kashe da sauri. Na cire guntuwar, na sa doguwar, na naɗa ta a ƙarfe ina ƙirgawa da ƙarfi suna ji, na bi da sauran jikin bango a tsofaffin ramukan kilif ɗin. Na sake kunnawa na ce ya kama. Ya kama, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ko ɗaya ba ta kai ba." Na yi masa bayanin tanki biyu da bututu, yadda aka yi mini. Nan take ya gane, don mutum ne mai kai, duk rayuwarsa awo yake yi. Sai ya zauna a kan batir ya dafe goshi. Abba ya tuɓe rigar nan ya dunƙule ta a hannu.

Na ɗaga bireka, injin ya tashi, muka ji ruwa yana hawa bututu. A waje yara suka fara ihu. Ya Falmata ba ta motsa ba, idonta yana kan mitar da ke hannun Alhaji. Sai ta ce, a hankali, da Hausarta ta mutanen ƙauye, "Malam Bukar, wannan abin mai baki, ranar farko ba ka zo da shi ba ne?"

Na ce, "Na zo da shi, Ya."

Ta ce, "To."

Ta ɗauki jarkarta ta tafi ta tsayar da layi.

Na sha zagi a aikin nan, soja ya sa ni tsallen kwaɗo, wuta ta taɓa jefar da ni daga kan tsani, amma ban taɓa jin kunya irin ta wannan "to" ɗin ba. Nunin da na yi wa Alhaji bai ɗauki minti biyar ba, kuma ranar da ya tambaye ni mitar tana cikin jakata, a gefen ƙafata. A jakar nan kuma akwai ƙullin siririyar waya da ta isa ta kai fitila ɗakin matan har ta yi saura. Da ita na sake ja musu wutar kafin in tafi. Da na fito, Alhaji ya biyo ni da yadi huɗun nan, ya ninke su tsaf kamar yadda yake ninke shadda, ya ce, "Malam Bukar, tafi da ita. Ba na son ganin ta a gidana."

Ita ce wannan a saman ƙofa. Abba da kuke gani yana da shago yanzu a unguwar Jiddari Polo, shekara biyu ya yi a nan yana warware ƙonannun taransifoma kafin in bar shi ya taɓa inbata, kuma yau in za a haɗa biyu a gefen can shi ake kira. Ku je ku tambaye shi ko aikin ja da baƙi ne.

Don haka mai tabarau, ba za a kai ta wurin masu jan ƙarfe ba. Wanda yake son koyon aikin nan a wurina zai ƙirga zagaye har ya gaji, zai yanka waya tsawo ɗaya ko da mai gida yana tsaki, kuma in ya raina mini hankali zai ji bakina, don har yanzu bai dakushe ba. Amma ko ni ko ku, babu mai fita daga gidan da ya haɗa inbata biyu sai mai gidan ya riƙe mitar nan da hannunsa ya karanta abin da ta nuna. In ya tambaya sau goma a amsa masa sau goma. Na gwada ɗaya hanyar sau ɗaya a Ajilari, kuma har yau in na bi ta layin, Ya Falmata tana gaishe ni.